Rarar da Na Yanke Daga Rigar Kogi

Ban taɓa hawa dandamali ba. A shekara shida da na yi a sakandare sau ɗaya aka tilasta mini karanta sanarwa a taron safe, muryata ta maƙale a layi na biyu, wata ɗaliba ta karɓi takardar ta ƙarasa. Amma duk wasan waƙar da makarantarmu ta yi daga lokacin da na shiga aji huɗu, da hannuna a ciki. Ni ce mai awon kaya.

Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce a Suleja. Kowace shekara, ranar yaye ɗalibai, akan yi wasan kwaikwayo wanda rabinsa magana ne, rabinsa waƙa da rawa. Malamin Hausa ke rubuta labarin, malamin kiɗa ya sa masa waƙoƙi. Kayan da 'yan wasa za su sa kuwa aikin malamar ɗinki ne, wata dattijuwa 'yar Filato mai rataye tabarau a wuya da zare. Malama kawai muke ce mata.

Yayata ce ta kai ni wurinta. Shekara biyu ta ba ni, uwa ɗaya uba ɗaya, amma in ba a faɗa ba babu mai cewa gida ɗaya muka fito. Ita tun daga ƙofa ake sanin ta iso. A gidan hayar da muke zaune a Kwamba, in tana wanke-wanke tana waƙa, matar maƙwabcinmu takan rage ƙarar rediyonta. Ni kuwa ina lungu da littafi. Akawu take kirana, saboda wani ƙaramin littafi da ba na rabuwa da shi, wanda nake rubuta komai a ciki, har lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke.

"Malama, ga Akawu na kawo miki," in ji Yaya ranar da ta ja ni har ɗakin ɗinki. "Ba ta magana, ba ta waƙa, ba ta rawa. Amma ki ce ta ƙirga gashin kanki, kafin a tashi za ta kawo miki lamba."

Malama ta dube ni ta saman tabarau. "Kin iya riƙe tef?"

Na gyaɗa kai.

"Bakin fa? An baro shi gida?"

"A'a, Malama."

"Ashe yana aiki. Shigo."

Ɗakin tsohon sito ne a bayan zauren taro. Keken ɗinki biyu na ƙafa, dogon tebur, da akwatunan ƙarfe uku cike da kayan wasannin baya, suna ƙamshin kafur. A nan na koyi cewa ɗinkin dandamali daban yake da ɗinkin da na sani.

Ranar farko na auna ƙirjin wata yarinya yadda na ga teloli suna yi, na rubuta. Malama ta buge mini hannu da alli.

"Kayan Sallah za ki ɗinka mata? Wannan waƙa za ta yi a ciki." Ta juya wurin yarinyar. "Ja numfashi kamar za ki ɗaga murya har kasuwa. Riƙe. Yauwa. Yanzu auna."

Na sake aunawa, sai ga inci biyu sun ƙaru. Daga ranar ban ƙara auna kowa ba sai da numfashi a ƙirji, hannu a sama.

Ta kuma koya mini cewa ba a duba riga a kusa. Duk abin da muka ɗinka, sai an sa shi an hau dandamali, an kunna fitilu, ita kuma ta taka har bencin ƙarshe ta zauna. Ƙananan furanni ɓacewa suke daga can, ja mai duhu ya koma baƙi, abin da ya yi kyau a hannu ya zama tsumma. Da gwiwarta ta fara damunta, ni take aikawa. In je in zauna ni kaɗai a ƙarshen zauren, in dawo in faɗi abin da na gani. Wannan aikin ya dace da ni ƙwarai.

Abu na uku shi ne wanda ta fi nanatawa. Wata rana ta ciro wata tsohuwar riga daga akwati ta juya cikinta waje. A kowane gefe akwai yadi a naɗe, da layuka na ramukan allura, wani kusa da wani.

"Kin ga wannan layin? Mai shi yanzu nas ce. Wannan kuma tana Garam, 'ya'yanta uku, doya take sayarwa. Wannan siririyar, ban san inda take ba." Ta shafa naɗin. "In riga ta yi wa mutum yawa, ki naɗe rarar a ciki ki ɗinke. Ba a yankewa. Yara girma suke yi. Wadda kika rage wa yau, bayan wata uku za ta dawo ki saki mata. Kin ji ni?"

"Na ji, Malama."

Har na rubuta a littafina, na ja layi a ƙarƙashi.

Wasan shekarar labarin wani ƙauye ne da koginsu ya yi fushi ya tafi, saboda sun mai da shi juji. Kogin mace ce, tana da waƙoƙi uku. Ba a ma yi doguwar tantancewa ba, aka ba Yaya. Shekararta ta ƙarshe ce a makaranta, kuma tun tana aji ɗaya take jiran a ba ta babban matsayi.

Babu rigar kogi a akwati, dole a yi sabuwa. Malama ta zana ta a bayan kwali. Muka shiga kasuwa ɓangaren 'yan gwanjo muka zaɓo tsofaffin labule farare, wasu masu nauyi, wasu shara-shara. Muka rina su shuɗi iri uku a cikin baho a bayan sito, mai duhu a ƙasa, mai haske a sama. Mako guda hannuwana suna shuɗi, Umma tana cewa kada in taɓa mata tuwo. A cikin kalmasar ƙasa muka jera murafun kwalba da aka daddake suka baje, don in mai rigar ta juya, rigar ta biyo ta a hankali, da nauyi, kamar ruwa. A hammata aka sa ƙarin ƙyalle don ta iya ɗaga hannu ba tare da rigar ta tattare ba.

Ni na auna Yaya. Ƙirji, da numfashi, talatin da shida.

"Ƙara biyu, Akawu," ta ce. "Umma ta yi alkawarin tuwon shinkafa duk Juma'a."

A zango na biyu ciwon Yaya ya fara. Gajiya da farko, sai zazzaɓin da yake tafiya yana dawowa, sai tabo shuɗi-shuɗi a jikinta ba tare da ta bugu da komai ba. Aka je kemis, aka je asibiti, daga nan aka tura su babban asibiti ta wajen Abuja. Baba ya riƙa tafiya da ita a motar asuba da yake shiga zuwa aiki. Likitoci suka ce ciwo ne a cikin jini, suka faɗi wani dogon suna. A gida babu wanda ya ƙara maimaita sunan. In maƙwabta sun tambaya, Umma takan ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Ni kuwa na kwafi sunan daga takardar asibiti zuwa littafina, harafi bayan harafi. Na shiga ɗakin karatu na makaranta na nemo shi a wani babban littafin kiwon lafiya. Shafi ɗaya da rabi ne. Na karanta sau biyu, na mayar da littafin inda yake, na daidaita shi da na kusa da shi. Ban faɗa wa kowa ba.

Yaya ba ta bar wasan ba. Duk ranar da ta sami ƙarfi tana zuwa gwaji, in ta gaji ta yi waƙar a zaune. Duk mako biyu nakan sake auna ta, saboda rigar tana ta yi mata yawa. Talatin da huɗu. Talatin da uku. Talatin da ɗaya. Kowane karo in farke gefe, in naɗe rarar ciki, in ɗinke, yadda aka koya mini. Ita kuma ta ɗauki wata ɗabi'a: da ta sa rigar sai ta zura hannu ta wuya ta laluba naɗin, ta matsa shi da yatsu.

"Ajiyata tana nan?"

"Tana nan, Yaya."

"Ki kula mini da ita. In na warke sai na cika rigar nan har ɗinkinki ya yi ƙara. Za ki farke ki farke har ki gaji."

Saura mako uku a yi wasa aka yi wa Malama rasuwa, ƙaninta. Ta tafi gida jana'iza, ta bar mini makullin sito, ta ce mako ɗaya za ta yi.

Ranar Talata aka yi gwaji da kaya. Awon ya sauka talatin. Naɗin da ke kowane gefe ya yi kauri, ya kai faɗin tafin hannu. Na je bencin ƙarshe na duba. Ƙarƙashin fitila gefunan sun kumbura, kogin ya zama kamar mai aljihu biyu cike da kaya. Da muka koma sito ina taya ta cirewa, na ga inda naɗin yake gugar haƙarƙarinta. Wurin ya yi ja, ya fara komawa shuɗi.

"Yaya, yana cin jikinki."

"Ba komai. Miƙo mini hijabina."

Shekaru na yi ina gaya wa kaina cewa saboda wannan tabon na yi abin da na yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. Kumburin nan ya daɗe yana damuna. Ba na iya ganin abu a karkace in bar shi. Sannan akwai shafi ɗaya da rabi da na karanta, wanda yake zaune a kaina ko ban tuna shi ba. Ban zauna na ce Yaya ba za ta ƙara cika rigar nan ba. Hannuna ne kawai ya ɗauki almakashi kamar an riga an gama maganar.

Ranar Laraba bayan an tashi na kulle kaina a sito. Na ja layi da alli da rula, na bar rabin inci, na yanke. Na kalmashe bakin, na bi shi da ƙananan ɗinki na hannu, daidai wa daida. Ban taɓa yin ɗinki mai kyau irin na ranar ba. Ƙyallaye biyun da suka fita na ninke su na sa a ambulan, na rubuta kwanan wata da faɗinsu a baya, na jefa ƙasan akwati. Na tafi gida da jin daɗin wanda ya gyara abu.

Ranar Alhamis Yaya ta sa rigar. Ta zauna mata kamar a jikinta aka zuba ta. Ta juya sau ɗaya, ƙasan ya biyo ta, 'yan matan da ke ɗakin suka yi tafi. Tana dariya ta zura hannu ta wuya. Na ga hannun yana lalube ta ƙarƙashin yadin, ya sauka, ya hau, ya koma ɗaya gefen. Dariyar ta tsaya.

"Akawu, ina ajiyata?"

"Tana ji miki ciwo, Yaya. Na cire."

"Kin cire, ko kin yanke?"

Sauran 'yan matan, ɗaya bayan ɗaya, suka sulale waje.

"Na yanke."

Ta daɗe tana kallona. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi, don na saba da faɗanta, ba ya wuce minti biyar. Ba ta yi ba.

"Ke ba kya yin abu sai kin tabbata," ta ce a hankali. "Tun kina ƙarama haka kike." Sai ta juya mini baya. "Ɓalle mini."

Na ɓalle maɓallan. A cikin keke-napep har Kwamba ba ta dube ni ba. Titi take kallo, da masu gasa masara a bakin hanya.

Washegari ba ta je makaranta ba. Ta aika wa malamin kiɗa cewa a ba wa yarinyar da ake koya wa waƙoƙin don ko-ta-kwana matsayin, ita ta haƙura. A gida ta daina waƙa. Abincin da dā take tilasta wa kanta, yanzu cokali biyu take yi ta ture. Ta kuma daina ce mini Akawu. Da sunana na yanka take kirana, a ladabce, kamar baƙuwa. Umma ta tambaye mu ko faɗa muka yi. Ta ce a'a. Ni ma na ce a'a.

Yarinyar da aka ba matsayin ta zo gwada rigar, ko kafaɗarta ba ta wuce ba. Da rarar tana nan, aikin minti ashirin ne. Yanzu rigar ba ta shiga kowa a makarantar sai mutum ɗaya, ita kuma ta ce ba za ta sa ba.

Malama ta dawo ranar Litinin da baƙin ɗankwali. Kafin ta zauna labari ya riske ta. Ta ɗauki rigar ta juya cikinta, ta sa tabarau, ta bi ɗinkin da yatsa daga hammata har ƙugu.

"Ɗinkin ya yi kyau," ta ce. "Wa ya koya miki?"

"Ke, Malama."

"Yankan fa?"

Nan na fashe da kuka, irin wanda ban taɓa yi a gaban mutum ba. Ba ta rarrashe ni ba, ba ta kuma hana ni ba. Ta zauna a kan akwati tana jira. Da na lafa ta ce, "Abin da kika yanke, kin zubar?"

Na tono ambulan ɗin na miƙa mata. Ta karanta bayansa, ta yi wata 'yar dariya, idonta ya kawo ruwa.

"Har da kwanan wata. Allah Sarki, 'yata." Ta zazzage ƙyallayen a kan tebur ta shimfiɗa su. "Za ki mayar."

"Zai yiwu?"

"Zai yiwu, amma tabon zai zauna. Ki farke gefen nan duka. Ki haɗa kowane ƙyalle inda ya fito. Sannan ki naɗe, ki tura naɗin ta baya inda yadin sama zai rufe shi, ki kama da manyan ɗinki, waɗanda reza ɗaya za ta farke." Ta buɗe jakarta ta ciro wani tsohon zanenta na auduga da wanki ya lausasa, ta yage gefe. "Wannan ki shafe naɗin da shi, kada ya taɓa fatarta. Abin da ya kamata ki yi tun farko ke nan. Da kin jira ni kwana biyar."

"Malama, za ta yarda ta sa?"

"Ban sani ba. Ki dai gama ki kai mata."

Yamma uku na yi ina aikin. Malama ba ta sa mini hannu ba ko sau ɗaya. Tana gefe tana ɗinka hulunan 'yan ƙauye, lokaci-lokaci ta ce, "Sassauta zaren." Wurin haɗin ya fito da wani dogon layi mai tauri a ciki, duk ƙoƙarina bai ɓoyu ba.

Ranar Asabar da rana na kai rigar gida a cikin leda. Ana ruwa, Umma ta tafi barka a unguwa, Baba bai dawo ba. Yaya tana kwance a tabarma kusa da ƙofa tana kallon ruwan da ke zuba daga kwanon rufi cikin bokiti. Na ɗora mata rigar a cinya, na zauna a gefe.

Ta daɗe ba ta taɓa ta ba. Can ta tashi zaune, ta zura hannu ciki. Ta sami naɗin. Ta sami laushin zanen Malama. Sannan yatsunta suka tsaya a kan layin haɗin, suka bi shi har ƙasa.

"Faci kika yi."

"Eh."

"Kogi mai faci." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari. Da ya tsaya ta ce, "Faɗa mini abin da kika karanta."

"Yaya..."

"Na san kin karanta. Ke ko takardar ƙosai aka ba ki sai kin karanta. Faɗa mini."

Na faɗa mata, shafi ɗaya da rabi, kusan kalma da kalma. Ban taɓa yin magana mai tsawo haka a rayuwata ba. Tana saurare tana shafa rigar.

"Na sani," ta ce da na gama. "Tun ranar da likita ya ce in jira a waje, Baba ya fito yana ta gyara hular da ba ta karkace ba. Ba rashin sani ba ne ya sa nake tambayarki ajiyata. So nake a bar mini wurin kawai. Ko ba zan cika shi ba, a bar mini."

"Ki yafe mini."

"Ke dai kin cika iyayi da almakashi." Ta share mini fuska da gefen rigar, har murafun kwalbar suka buge ni a haɓa. "Tashi ki ɗauko tef ɗinki, Akawu."

Na ɗauko. Ta dafa bango ta miƙe, ta ɗaga hannuwa.

"Ja numfashi," na ce.

Ta ja iyakar ƙarfinta. Na ji ƙasusuwan ta cikin tef.

"Nawa?"

"Ashirin da tara da rabi."

"Rubuta. Amma layin da ke ƙasa ki bar shi haka nan, kada ki ja masa komai."

Na rubuta, na bar layin.

Ranar Litinin ta koma gwaji. Malamai suka sake tsara wasan saboda ita. Waƙar farko za ta yi ta a zaune, a kan wata ganga da aka lulluɓe da buhu ta zama dutse. Ta biyu aka ba 'yan amshi. Ta ƙarshe, wadda kogin yake dawowa ƙauye, ta ce a tsaye za ta yi, kuma ba ta son shawara.

Ranar wasan zauren ya cika, iyaye har bakin taga. Ni na sa mata rigar, na ɓalla mata maɓallan. Ta zura hannu ta taɓa naɗin, ta ɗaga mini gira. Na so in tsaya a bayan labule ko za ta buƙaci wani abu, Malama ta kore ni.

"Wurinki bencin ƙarshe. Je ki dubo mini."

Na je na tsaya a can, don babu wurin zama. Muryarta ba ta kai yadda take dā ba. A waƙar farko rabin kalmomin ba su iso inda nake ba, wani mutum a gabana yana ta tambayar matarsa me ta ce. Amma da aka zo ta ƙarshe ta miƙe, mutane suka yi tsit don su ji. Daga nesa ina ganin ƙirjinta yana tashi kafin kowane baiti, rigar tana ba ta wuri. Rawar da aka shirya mata ba ta yi ba. Juyi ɗaya ta yi, a hankali, hannuwa a buɗe, shuɗin nan uku suka biyo ta suka kewaye ƙafafunta suka kwanta. Na hango Umma ta rufe fuska da mayafi. Baba yana zaune a miƙe, hularsa a hannu.

Da aka tashi Malama ta tare ni a ƙofar sito. "Yaya kika gani?"

"Naɗin bai fito ba, Malama."

"Shi ke nan abin da kika gani?"

Ta jawo ni jikinta.

Yaya ta rasu bayan wata huɗu, da hantsi, ranar wata Laraba, ruwan shekarar ya riga ya ɗauke. Rigar tana cikin akwati na biyu a lokacin, na ninke ta da kafur da hannuna.

Sai da na kai aji shida aka sake buƙatarta. Wasan shekarar yana da sarauniyar ruwan sama, kuma babu dalilin ɗinka sabuwa alhali ga wannan. Malama ta ciro ta ta ajiye a tebur, ta ɗora reza a kai.

"In ba za ki iya ba, ni zan yi."

"Zan yi."

Yarinyar da za ta sa 'yar aji biyar ce, mai surutu, daga wata makaranta ta dawo, ba ta san Yaya ba sai a labari. Na ce ta ɗaga hannu ta ja numfashi. Talatin da biyar. Na sa reza a manyan ɗinkin nan, suka farke cikin sauƙi kamar yadda Malama ta ce. Zanen audugar ya fita, naɗin ya buɗe. Yadin da ya daɗe a ɓoye ya fi sauran duhu, don fitila da wanki ba su taɓa shi ba. Layin haɗin ya dawo waje, a gefe, inda ido zai iya gani.

Yarinyar ta sa rigar tana jujjuyawa, sai ta lura da shi.

"Anti, me ya sami nan wurin?"

"An taɓa yankewa. Kuskure aka yi."

"Kai! Wane ne wannan da ba shi da hankali?"

"Ni ce," na ce. "Hau dandamali in gani."

Na taka har bencin ƙarshe na zauna. Daga can layin ba ya fitowa sosai, sai wanda ya san yana nan. Na buɗe littafina don in rubuta awon yarinyar. Shafin rigar kogi ya buɗe da kansa, lambobin suna jere daga talatin da shida zuwa ashirin da tara da rabi, da layin da ke ƙasa. Akwai wuri a kansa da zai ɗauki lamba ɗaya. Na juya sabon shafi na rubuta talatin da biyar a can.